Sintirin dare ba ya kama saniyar da ta riga ta shiga kasuwa

Mu da ke zaune a Cadawa, bisa babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, labarin ƴan bindiga ba a rediyo kaɗai muke jin sa ba. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakowa yankin Gidan Runji, har aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka. Dajin Baban Rafi kuwa, kowa ya san abin da ke kwana cikinsa. Don haka ban ga laifin samarinmu ba in sun ce za su fita sintiri da tocila da gora.

Amma ni dillalin dabbobi ne, kuma sana'ata ta nuna mani inda sata ke ƙarewa. Kasuwa take zuwa. Baƙo ya kawo bijimi, ya karya kuɗi, yana gaggawa, babu wanda zai tsaya masa, ga shaidar wuta a cinyar dabbar wadda ba ta garinsu ba. Dillalin kirki ya gane tun kafin a gama sallama. Mahauci ma ya gane. Mai sayar da fetur a kwalba ya san wanda ke cika jarka da tsakar dare, ɗan kabu-kabu ya san wa ya kai bakin daji da buhun burodi. Tsaron da ke hannunmu ke nan, kuma ya fi gora amfani.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da ƴan banga za su zama alƙalai. A Zamfara ƴan sa kai sun riƙa kashe duk Bafulatanin da suka zarga, ramuwar gayya ta biyo baya, har yau wutar ba ta mutu ba. Mu ma muna da tabonmu: a Toda, cikin Oktoban 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100. Kowane kwamitin sintiri ya sa makiyayi a ciki, wanda aka kama kuma a miƙa shi ga jandarma da ransa da lafiyarsa.

Su kuma jandarma, bashi na kansu. Mutum ba zai kai rahoto ba in ya san gobe sunansa zai isa kunnen ɓarawo, ko zai ga wanda ya tona yana shan shayi a tasha bayan kwana biyu. Su riƙa zama da mai gari da sarkin fawa da shugaban dillalai duk ranar kasuwa, su kuma faɗa mana inda kowane wanda aka kama ya kwana.