Hasashen ambaliya a Neja: Abin da alƙaluma suka sani, da abin da Mokwa ta nuna ba su sani ba

A kowace shekara, kafin damina ta kankama, hasashen ambaliya na hukumar NIHSA yana isa teburin jami'an gwamnati a Minna. Na 2025 ya sanya Jihar Neja cikin jihohin da ke fuskantar babban haɗari. Duk da haka, da asubahin 29 ga Mayu na wannan shekara ruwa ya auka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, ya halaka fiye da mutum 150.

Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan rashin jin gargaɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai kuma wata matsala a cikin lissafin kansa.

Tsayin ruwan Kogin Kwara a yau ɗan'uwan na jiya ne. Ba ya tsalle haka kawai. Wannan dangantaka ce ke sauƙaƙa wa masu kula da madatsun Kainji da Jebba sanin abin da ke tafe. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yakan shafe watanni a fadamun Mali kafin ya iso Najeriya, kuma ana ganinsa a Yamai tun yana hanya.

Sai dai ita dangantakar tana iya ruɗin mai lissafi. Wanda ya auna kogi kullum tsawon shekara 50 zai tara awo 18,250, ya ɗauka ya mallaki tarin hujja. Alhali idan tambayar ita ce iyakar inda ruwa zai kai a damina, amsoshi 50 kacal gare shi, ɗaya a kowace shekara. Haka ma tashoshin awon ruwan sama da ke maƙwabtaka: hadari ɗaya ne ya bi ta kansu, shaidu uku ne masu labari ɗaya. Tsarin ƙididdigar da ya ƙirga su daban-daban zai bayar da hasashe mai tabbacin da bai cancanta ba.

Batu na biyu shi ne ya fi shafar Mokwa. Garin da ke da ma'auni da dogon tarihin awo, lissafi ya san halinsa. Garin da ba shi da su kuwa, matsakaicin halin yankin ake ara masa, tare da faɗin kuskure mai yawa wanda ba kasafai ake bayyana wa jama'a ba. Ministan Albarkatun Ruwa, Joseph Utsev, ya ce ba sakin ruwa daga Kainji ko Jebba ne ya jawo bala'in ba, mamakon ruwan sama ne da toshewar hanyar wani rafi da ba ya gudu sai da damina. Irin wannan rafi ba ya cikin kundin awon manyan koguna, kuma cikin sa'o'i yake cika.

Don haka cewa jiha “tana cikin haɗari” bai isa shugaban ƙaramar hukuma ya san unguwar da zai kwashe ba. Abin da ya kamata NSEMA ta nema daga Abuja shi ne a rarrabe mata garuruwan da aka gina hasashensu a kan awon wurin, da waɗanda aka ƙiyasta musu daga nesa. Na biyun ne ke buƙatar ma'aunin ruwan sama da yashe magudanai tun a watan Afrilu, kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da masanan da za su iya zana taswirar rafukan nan ɗaya bayan ɗaya.