Safar hannun fatar naman daji, da jar akuyar da muka raina

Rubutun zai ɗan yi tsawo, mai sauran data ya daure.

Akwai wani hoto da ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp: safar hannu ta maza, ɗinkin hannu, kuɗinta ya haura fam 300. Samari sai santi ake, har da masu cewa albashin farko a kanta zai ƙare. A Bauchi fa! Garin da sanyinsa bai wuce wata biyu zuwa uku ba, shi ma hantsi na dubawa ya gudu. Masu babur da ke ratsa Ƙofar Ran bayan asuba su ne ke bukatar safar hannu da gaske, kuma ta gwanjo ta wadace su.

Fatar da ake yin irin wannan safa ta wata dabbar daji ce mai suna fekari, da ke dazukan Kudancin Amurka. 'Yar uwar alade ce, kusan kamar gadunmu, don haka mai niyyar sa ta ya tafi masallaci sai ya fara tambayar malamai tukuna. Daga ƙasar Peru akasari ake fitar da fatar, tsofaffin kamfanoni irin su Dents na Ingila, wanda aka kafa tun 1777, su ɗinka. Amma ku lura da wani abu. A Peru mutanen daji ne ke farautar dabbar don nama, fatar rara ce, kuma hukuma ke ƙayyade adadin da zai fita duk shekara ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973.

To mu fa? Mu ba mu da fekari, amma muna da wannan sha'awar, kuma a kan mesa da kada da guza da damo take sauka. Duba ƙafafun 'yan gayu ranar bikin kammala karatu ko ɗaurin aure: takalmin fatar mesa, bel ɗin kada, walat ɗin guza. Ana tinƙaho da cewa orijina ne. Wa ya ƙirga mesar? Daga wane daji aka kamo ta, da izinin wa? Tun 1985 Najeriya ke da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, amma ban taɓa jin mai saye ya nemi takarda ba, sai dai ya nemi ragi. Yankari na nan a jiharmu, an keɓe ta tun 1956, yau giwayenta da zakunanta sun zama abin lallaɓawa, masu gadin daji na kwana a sarari don tsare su. Dajin da ba shi da mai gadi kuwa, sai abin da mafarauci ya ga dama. Kuma mesar nan da guzan nan su ke cinye ɓeraye da gafiyoyin da ke yi wa manomi ɓarna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, fatar alfarma ta gaskiya tana ɗaure a bayan gidajenmu tana cin dusa. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don kawai ta can ayari ke bi da ita bayan ya ƙetare Sahara. Majeman Kano da bagaruwa suka jeme ta, wasu suka ci sunan. Tumakinmu masu gashi, waɗanda ba su da ulu, fatarsu na cikin waɗanda masu ɗinkin safar hannu a Turai suka fi nema saboda laushi da ƙwari. Har gobe masana'antun jima na Sharaɗa da Chalawa na tura fata Italiya da Sifen, a can a yanka a ɗinka a manna suna, ta dawo mana a kwali muna rawar jiki. Akuya kuwa tana iya haihuwa sau biyu a shekara, sau da yawa tagwaye. Kada sai ya shekara goma ko fiye kafin ya fara ƙwai. Ko ɗan aji ɗaya a tsimi da tanadi ya san wanne ne jari, wanne ne cin iri.

Na san za a ce dukawa da majema ma abinci suke nema. Gaskiya ne, kuma ba su nake tuhuma ba. Baduku abin da aka tambaya yake ɗinkawa. Mu masu boko, da muka karanta abin da ake kira daidaiton muhalli muka rubuta a jarrabawa, mu ne ke zuwa mu ce lallai sai na mesa.

'Yan Kimiyyar Dabbobi da Kemistiri na ATBU da ke ta neman taken bincike, ga NILEST can a Samarun Zariya, cibiya guda sukutum kan fata. Wani ya duba mana fatun layya nawa ke ruɓewa a Bauchi duk Babbar Sallah saboda mugun fiɗa da rashin gishiri. Wanda ya ɗauka ya yi mini magana ta inbox, ina da lambar wasu mahauta da za su ba shi haɗin kai.