Babbar Taya, Maƙaryacin Maleji

Maleji ba ya ganin titi. Aikinsa ƙirga juyin taya ne kawai, kuma kamfanin da ya ƙera motar ya saita shi ne a kan girman tayar da ta fito da ita. Ranar da aka canza girman nan, lissafi ya rushe. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke canza shi kullum, babu mai ɗaga gira.

Ɗauki mota mai taya 195/65 R15. Tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 635 ne. Direba ya gaji da ramuka da bugun ƙasa idan ya yi lodi, sai mai taya ya ce masa, "Maigida, sa 215/70, motar za ta ɗaga." Ta ɗaga ɗin kuwa, domin wannan tsayinta milimita 682 ne. Amma duk juyi ɗaya yanzu tana cin ƙasa fiye da da, da kashi 7 cikin 100 da ɗoriya. Gudun da allura ta saba kira 100 ya koma kusan 107. Direba na kallonta hankali kwance, fasinja sun miƙa masa rayukansu, alhali tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ta ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100. A kan hanyar Kano zuwa Zariya, wannan ƙarin shi ne tsakanin "Allah ya kiyaye" da "Allah ya jiƙan rai."

Dokar Turai ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu. An yarda ya ɗan zarce, ba a yarda ya gaza ba. Wannan ɗan sararin da aka bari don tsira shi muke cinyewa da babbar taya.

Suɗaɗɗiyar taya kuma ƙaryarta ta ɗaya ɓangaren ce. Zanen sabuwa kusan milimita 8 ne. Idan ya cinye zuwa 1.6, maleji zai zarce gaskiya da kusan kashi 2. Wannan ba shi ne abin tsoro ba. Tayar da ta kai haka, santsi a damina da fashewa a zafin bazara su ne ke jiran ta.

Sannan ga na'urar taƙaita gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya a 2017. Yawancinta daga juyin nan take karanta gudu. A sa babbar taya, ita ma an rufe mata ido. To me ya sa ake duba takardar na'ura a bar lambar da ke jikin taya? Girman da kamfani ya tsara yana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba a yawancin motoci. Jami'in da ya tsayar da mota ya karanta shi, ya sunkuya ya gwada da na taya. Shugabannin tasha ma su yi haka kafin a fara lodi.