Kafin Ka Sa Hannu, Tambayi Ranar Fita

 Yau maganarmu a kan samarinmu mawaƙa take, waɗanda ke shiga mota zuwa Maraɗi, Yamai ko Kano neman mai situdiyo ya ɗauke su.

Mun san yadda abin yake. Yaro na da murya, ba shi da kuɗin buga waƙa. Maigida ya ba shi 'yan jikkuna, ya miƙo takarda da Faransanci ko Turanci, yaro ya sa hannu yana murna. Bai tambayi shekara nawa ba.

To nan fa gizo ke saƙar. Wata yarjejeniyar da shekaru ake ƙirga ta, wata da yawan album. Idan aka ce sai ka yi album uku, kuma maigida ne ke da ikon cewa ga ranar fitarwa, wallahi kana iya tsufa a gidansa. Ko wa'adin ya cika ma, sau da yawa waƙoƙin na nan hannunsa.

Manya ma sun ɗanɗana. Kiss Daniel na Najeriya ya sa hannu da G-Worldwide a 2013 na shekara 7. Da ya nemi fita a 2017 sai kotu, a 2018 har sunansa ya canza zuwa Kizz Daniel. A Amurka, Taylor Swift sai da ta sake rera tsofaffin waƙoƙinta, don na asalin ba nata ba ne, kafin ta saye su a 2025. Ina ga ɗan Dakoro da ba shi da lauya?

Ba mu ce masu situdiyo azzalumai ba ne. Sun zuba kuɗinsu, dole su ci riba, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Amma askin ma yana da ranar ƙarewa.

A ganinmu shekara 2 ta isa ga sabon mawaƙi. In an ji daɗin juna a sabunta. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, da ranar da waƙoƙi za su dawo hannun mai su. A fassara takardar da Hausa gaban shaidu, sannan a yi rajistar waƙoƙin a BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta Nijar.

Iyaye, ko gona ba a jinginarwa babu wa'adi, balle muryar ɗanku.

Ku mi kuka gani? Allah Ya sa mu dace.