Injin Beljiyam Ba Sabo Ba Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Gumel ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, ya ga yadda ake gana wa inji azaba. Golf da Sharon cike da fasinja, akori-kura an labta mata buhuna da tumaki, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu idan lokacinta ya zo. Inji a wannan ƙasa tamu ba ya tsufa da shekaru, da wahala yake tsufa. Ran da ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai kuwa, shawarar da mai mota zai ji kusan guda ce: "Alhaji, bar wahalar da kanka. A je Ƙofar Ruwa a ɗauko na Beljiyam, a ma sa wanda ya fi wannan girma."

Ina ganin wannan shawara, a mafi yawan lokuta, gurguwa ce. Kuma mu 'yan boko masu albashi mun fi kowa saurin karɓarta, domin tana raba mu da zaman gareji.

Mu fara da sunan. Abin da ake kira injin Beljiyam gwanjo ne: an ciro shi daga motar da wani ya gama mora a Turai, ko wadda ta yi haɗari, aka wanke shi ya yi ƙyalli. Mai sayarwa bai san kilomita nawa ya ci ba, bakanikenka ma bai sani ba. Za a tayar maka da shi a ƙasa na 'yan mintuna, ka ji ƙara mai daɗi, a ba ka 'yan kwanaki na gwaji. Sayen kifi a ruwa ke nan. Injin da ke cikin motarka kuwa ka san tarihinsa: ka san ranar da ya yi zafi a hanyar Gujungu, ka san irin man da kake zuba masa. Ciwon da aka sani ya fi sauƙin magani.

A da ana iya cewa gwanjon ya fi araha, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, duk abin da ya keto teku ya yi tashin gwauron zabi. Gaskiya ne ringi da fistin su ma daga waje suke zuwa. Sai dai wanda ya sauke inji kayan da suka cinye kawai yake saye. Sauran kuɗinsa ladan hannu ne, kuma ladan hannu a Gumel ko Kano yake tsayawa, a aljihun bakanike da mai injin feƙe ƙarfe da yaran da ke koyon sana'a.

Batun ƙara girman inji shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mota ba inji kaɗai ba ce. Waɗanda suka ƙera ta sun auna birki da giya da kuloci da lagireto daidai da ƙarfin injin da suka ɗora. Idan ka zuba wa Golf injin da ya fi nata ƙarfi, ka bar mata birkinta na asali da tayoyin gwanjo, ka ƙara mata gudu ne ba ka ƙara mata tsayawa ba. Lissafin ba shi da wuya: nauyin da ke kan birki yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, don haka motar da ke kilomita 120 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya zarce na mai kilomita 100 da kashi 44 cikin ɗari. A hanyar da shanu da amalanke da 'yan acaɓa ke ratsawa ba sallama, wannan bambanci ran mutum ne. Ga kuma mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Babban inji babban ciki gare shi, kuma kullum sai ya ci.

Masu son babban inji suna da hujja daga tarihi, in sun san ta. Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta ci tseren Safari na Kenya a wannan shekarar a hannun Ove Andersson da injinta mai silinda huɗu. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin tseren da wata 504 mai silinda shida. To, ashe babba ya yi rana? Ya yi, amma a motar da injiniyoyin kamfani suka shirya ta gaba ɗaya domin wannan injin, ba wadda aka fasa wa mazauni da walda a ƙarƙashin darbejiya ba. Abin da ya raya 504 a hanyoyin Arewa shekara da shekaru wani abu ne dabam: silindar injinta hannun riga ce da ake zarewa. Idan ta cinye, a zare ta a sa sabuwa da fistin da ringi, inji ya dawo yaro. An ƙera ta ne domin a gyara, shi ya sa har yau ake cin karo da akori-kurarta tana aiki.

Yanzu ga inda zan ɓata wa abokaina kanikawa rai. Mutane ba su guji sauke inji a banza ba. Da yawa sun biya, bayan wata uku hayaƙi ya dawo. Dalili shi ne abin da ake kira sauke inji a garejinmu sau tari canza ringi ne kawai. Ba a auna silinda an ga ko ta buɗe ba, ba a kai karanshaf an feƙe ba, ana ɗaure kan inji da ƙarfin damtse maimakon sifana mai awo, a kan ƙasa, iska na kwaso rairayi tana zubawa a ciki. Daga nan a cire tamostat a jefar wai ƙasarmu da zafi, alhali aikinsa ne ya kai inji zafin da ya dace da wuri, ya kuma riƙe shi a nan. Wannan ba gyara ba ne. Amma mu ma da namu: wane ne a cikinmu bai taɓa cewa "sayo mai sauƙin kuɗin" ba idan aka ajiye masa ringi iri biyu? Mun fi yarda mu biya ɗan kasuwa dubbai a kan ƙarfen da ba mu san cikinsa ba, da mu biya gwani hakkin kwana biyar na aunawa.

Ban ce ba a taɓa sauya inji ba. Idan gangar ta tsage, ko sanda ta fasa ta ta fito waje, magana ta ƙare. Direban haya da iyalinsa ke jiran cinikin yau ma ba zan ga laifinsa ba idan ya zaɓi abin da zai mayar da shi tasha gobe. Ko a nan, a nemo irin injin da motar ta zo da shi, a buɗe ƙasansa a duba kafin a biya, a kuma gyara lambar inji a takardun mota, domin jami'in da zai tare ka a kan iyakar Maigatari, kana hanyar Damagaram, takarda zai karanta.

Amma kai da ke da albashi, motarka kuma za ta iya kwana bakwai a gareji ba tare da tukunyar gidanka ta kife ba, kafin ka aika Kano, ka ce a gwada matsin kowace silinda, a buɗe a auna, a rubuta maka abin da aka gani. Idan bakaniken ya ce ba shi da abin awo, ka tambaye shi wa ke da shi.