Darasin motar RB19 ga matasan Damargu: a gareji ake cin tsere

Ranar 26 ga Nuwamban 2023 aka rufe kakar tseren motoci na Formula 1 a Abu Dhabi, inda motar kamfanin Red Bull mai suna RB19 ta kammala shekara da tarihin da babu wadda ta taɓa kafa irinsa. An yi tsere 22, ta lashe 21. Max Verstappen ɗan ƙasar Holan ya ci 19, abokin aikinsa Sergio Perez ɗan Meziko ya ci biyu, sai tseren Singafo kaɗai da ya kuɓuce musu ya faɗa hannun Carlos Sainz na Ferrari. Kafin nan, motar McLaren ta 1988 ce ake buga misali da ita, domin ta ci 15 cikin 16.

Guntayen bidiyon irin wannan tsere suna yawo a wayoyin matasa daga Belbeji da Tanut zuwa Damagaram, har da 'yan uwansu da ke neman kuɗi a Agadas, Kano, Aljeriya da Libiya. Abin da ya fi burge yawancinsu shi ne gudun da ya haura kilomita 300 a awa, da ƙarar inji, da direban da ke ɗaga kofi. Shugabanni ma abin da ya ɗauke musu hankali ke nan. A watan Disamban 2024 Shugaba Paul Kagame ya sanar cewa Ruwanda na neman a kawo tseren ƙasarsa, Afirka ta Kudu na son a dawo da shi bayan na ƙarshe da aka yi a Kyalami a 1993, Najeriya ma ta nuna sha'awar a yi shi a Abuja. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya dace ɗan Damargu ya ɗauka daga Formula 1 yana cikin garejin da aka ƙera motar, kuma a can aka ci kofin tun kafin a tayar da inji.

Injin RB19 ƙarami ne. Lita 1.6 ce girmansa, mai silinda shida, ƙasa da injin Hilux ɗin da ke jigilar fasinja a hanyar Tanut. Kamfanin Honda na Japan ne ya ƙera shi, an haɗa masa na'urar da ke tara wutar lantarki duk lokacin da direba ya taka birki, sannan ta mayar da wutar ta zama ƙarfi idan ya taka totur. A lokacin, dokar gasar ta hana motar ɗaukar man da ya wuce kilo 110 a tseren da ke kai kusan kilomita 305, kuma ba a ƙara mai a hanya. Saboda haka injiniyoyi suka duƙufa kan yadda kowane ɗigon mai zai yi aiki, har injinan Formula 1 suka kai ga mayar da fiye da rabin ƙarfin da ke cikin mai ya zama motsi, alhali motocin hanya na zubar da mafi yawansa a zafi da hayaƙi.

Sai dai ba a inji kaɗai RB19 ta fi sauran motoci ba. Asirinta yana ƙarƙashinta, wurin da kyamara ba ta gani. A 2022 dokar gasar ta ba da damar sassaƙa ƙasan mota da wasu kwaroro da iska ke bi da sauri, sai motar ta riƙa manne wa kwalta kamar ana danna ta da hannu, ta sha kwana ba tare da rage gudu sosai ba. Manyan kamfanoni irin su Mercedes sun sha wahala da wannan tsari, motocinsu suka riƙa tsalle a kan hanya har direbobi na kukan ciwon baya. Adrian Newey, wanda ya jagoranci zanen motocin Red Bull, ya karanta ilimin ƙirar jiragen sama a Jami'ar Southampton, kuma har a zamanin kwamfuta da fensir yake zane a kan allo. Shi da ɗaruruwan ma'aikata a masana'antarsu ta Milton Keynes a Ingila sun daidaita ƙasan motar da ƙafafunta yadda ba ta tangal-tangal ko an taka birki ko an sha kwana.

Kuma sun yi hakan ne cikin ƙunci. Hukumar FIA mai kula da gasar ta ƙayyade kuɗin da kowane kamfani zai kashe a shekara. Red Bull ya ƙetare iyakar a 2021, aka ci shi tarar dala miliyan 7, aka kuma rage masa kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwajin mota a ɗakin iska, ga shi dama zakara ne ke samun lokaci mafi ƙaranci. Da gwaji kaɗan suka fitar da motar da ta fi kowace. Abin da ya taimake su shi ne aunawa, da rubuta sakamakon kowane gwaji, da gano dalilin kuskure kafin a taɓa sukurudireba.

Nijar ta taɓa karɓar baƙuncin babban tseren duniya, kuma ya kamata a tuna abin da ya bari. Tun daga ƙarshen 1978 da Bafaranshe Thierry Sabine ya kafa gasar Paris-Dakar, Agadas da hamadar Tenere suka zama zuciyarta. Jacky Ickx, tsohon direban Formula 1, ya lashe ta a 1983. A 1997 hanyar gasar baki ɗaya Dakar zuwa Agadas ce da dawowa. Masu otal da 'yan jagora da maƙeran azurfa sun samu ciniki na 'yan kwanaki, wannan gaskiya ne. Amma motocin a Turai aka ƙera su, kanikawan da kayan gyaran a jirgi suke zuwa, a jirgi suke komawa. Mutanen ƙauyuka sun sha ƙura, wasu sun rasa rayukansu, kamar yarinyar nan 'yar shekara goma da motar tsere ta kaɗe a Mali a 1988. A shekarar 2000 aka kwashe gasar a jirgi daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke ta, ta koma Kudancin Amurka, yanzu tana Saudiyya. Shekaru masu yawa na kallo ba su bar masana'antar ƙera ko da ƙafar mota a ƙasar ba.

Karɓar baƙuncin Formula 1 ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba. Ƙasa kan biya miliyoyin daloli masu yawa duk shekara kafin a kawo mata tseren kwana uku, ban da kuɗin gina filin. Koriya ta Kudu ta yi daga 2010 zuwa 2013 ta haƙura, Indiya ta yi daga 2011 zuwa 2013 ta daina. Idan masu arziki irin waɗannan sun kasa riƙewa, ƙasar da ke fama da gyaran hanyar Damagaram zuwa Agadas ba ta da dalilin yin wannan mafarki.

Wani zai ce to ai maganar Formula 1 ma a Belbeji ɓata baki ne, tunda damuwar mutane ita ce damina, hatsi, ruwan sha da abincin dabbobi. Mai wannan magana yana da hujja, sai dai duk waɗannan abubuwa a kan inji suke tafiya. Mota ce ke kai gero da awaki kasuwa, inji ne ke niƙa, famfo ne ke jawo ruwa daga rijiya mai zurfi, babur ne ke kai mai naƙuda asibiti. Kusan dukkan waɗannan injina an zana su ne don wata ƙasa mai sanyi da kwalta. A Damargu kuwa zafin bazara na haura digiri 40, ƙurar hunturu na toshe matatar iska, rairayi na cinye ƙafafun mota. Injiniyan Formula 1 kan sauya saitin motarsa daga fili zuwa fili, domin abin da ya yi aiki a Monza ba zai yi a Singafo ba, kamar yadda RB19 ta gani da idonta. Damargu ma fili ne mai nasa sharuɗɗan, kuma har yanzu babu wanda ya zauna ya zana masa motarsa.

Basirar tana nan. Bakaniken da ke bakin tasha yana iya tayar da tsohuwar Land Cruiser da aka fitar da rai da ita, ya ƙera abin da babu shi a kasuwa daga ƙarfen bola. Abin da ya rasa shi ne ma'auni da littafi. Yana gyara da kunne da ƙwaƙwalwa, ranar da ya tsufa ko ya tafi ci-rani sai ilimin ya bi shi, yaron shagonsa ya faro daga farko. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ya nuna inda irin wannan basira ke kaiwa idan ta samu makaranta. Daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya tafi karatun zanen motoci a Detroit, ya shiga kamfanin General Motors, ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki, daga baya ya shugabanci hukumar ƙirar motoci ta Najeriya.

Akwai gasar da ta dace da yankin, kuma ba ta buƙatar biliyoyi. A Ingila ana yin Formula Student, inda ɗalibai ke zana ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya su ƙera ta da hannunsu, alƙalai su duba zanen da lissafin kuɗin kafin a duba gudun. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ƙera motoci don gasar Shell Eco-marathon, wadda ake cin ta da ƙarancin shan mai. Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da makarantar fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi, da cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi za su iya shirya irin wannan duk shekara. A bai wa kowace ƙungiya inji iri ɗaya, a ƙayyade kuɗin da za ta kashe, a haɗa ɗalibai da kanikawan gareji, a ɗora wa kowace mota buhunan gero, a ba ta lita guda ta bi hanyar rairayi. Wadda ta fi nisa ba ta lalace ba, ta kuma kawo zanenta a rubuce, ita ta ci. Matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a cikin gundumar Tanut da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ita ce ta fi cancanta ta ɗauki nauyi. 'Yan Damargu da ke ƙetare kuma, maimakon waya mai tsada, za su iya aiko wa ƙannensu na'urar auna wuta, da ma'aunin ƙarfe, da kwamfutar gano cutar inji.

Akwai kuma maganar rai. Bayan mutuwar Ayrton Senna a 1994 da hatsarin da ya yi ajalin Jules Bianchi, masu Formula 1 sun bi diddigin kowane haɗari, har a 2018 suka tilasta sanya wani ƙarfe mai kare kan direba. Shi ne ya ceci Romain Grosjean a Bahrain a 2020, lokacin da motarsa ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙuna a hannuwa. Direban da ke gudun kilomita 300 yana sanye da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci, a filin da aka killace, likitoci na jiransa. Saurayin da ke wasa da babur a ayarin biki cikin yara, kai ba hula, bai kwaikwayi Verstappen a komai ba.

Duk wanda zai kalli tsere na gaba a wayarsa, ya ɗan tsaya a kan mutanen da ke canza tayoyi huɗu cikin kusan daƙiƙa biyu, da waɗanda ke zaune gaban allo suna karanta lambobi. Aikin da matashin Belbeji zai iya koya ke nan, kuma shi ne wanda garinsa ke jira.