Taku Ba Mita Ba Ne: Hattara Wajen Fassara Awon Girkawa

Lokacin da Iskandar Mai Girma ya ƙetara zuwa Asiya a shekara ta 334 kafin Miladiyya, cikin rundunarsa akwai mutanen da aikinsu shi ne ƙirga taku. Girkawa na kiransu bematistai, daga kalmar bema, wato taku. An san sunayen wasu daga cikinsu, irin su Baiton, Diyognetos da Filonides mutumin tsibirin Kirit. Daga bayanansu ne marubutan baya suka samo nisan da ke tsakanin biranen Farisa har zuwa Indiya.

Matsalar mai fassara na farawa ne daga ma'aunin da Girkawa ke bayyana nisa da shi, wato stadiyon. Ko'ina stadiyon ƙafa 600 ne, amma tsawon ƙafar ya bambanta daga gari zuwa gari. Shi ya sa filin tsere na Olimpiya ya kai kusan mita 192, na Delfi kuwa kusan mita 178, alhali sunansu ɗaya.

Lissafin Eratostenes ya nuna girman haɗarin. Ya ɗauki stadiyon 5,000 tsakanin Iskandariya da Aswan ta yau, ya gano daga inuwar rana cewa tazarar kashi ɗaya ce cikin 50 na da'ira, sai ya sami 250,000 a matsayin kewayen duniya. In an ba stadiyon mita 185, sakamakon kilomita 46,250 ne. In an ba shi mita 157 da rabi, kamar yadda wasu masana ke zato, sai ya koma 39,375, dab da 40,000 na haƙiƙa. Ke nan alƙalamin mai fassara ne ke mai da malamin gwani ko mai kuskure.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya bar kalmar yadda take, ya bayyana iyakokinta a gefe. Masu cewa mai karatu na buƙatar adadin da zai gane suna da hujja, amma adadi guda na ba shi tabbacin da matanin bai ƙunsa ba. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan: ya san kamun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne, haka ma zango bai da tsawo tsayayye. Wanda ya mai da stadiyon mita ba tare da bayani ba ya shafe abin da kalmar ke faɗa game da masu ita: da jikinsu suka auna ƙasa.